Ƙafafun Gwaggo Jaratu da Mazaunin Roba

Duk yaron da aka haifa a layinmu na Briqueterie cikin shekara talatin ɗin nan, da wuya a ce bai taɓa zama a kan ƙafafun Gwaggo Jaratu ba. Har ni Karimatu, 'yar ƙanenta, a kansu na koyi bayan gida, kuma ba ta gajiya da tuna mini a gaban baƙi.

A unguwar nan aka haifi Gwaggo. Kakanta ne ya zo daga Katsina da fataucin fata, ya ga wuri ya zauna. Ta yi aure layi uku daga gidansu, ta haifi bakwai, ta binne miji, kuma har gobe kunun gyaɗarta ake wa layi da safe a ƙofar gida. Amma ba kunu ne ya fito da sunanta ba. Da zarar jariri ya fara zama, sai ta jawo kujerarta 'yar tsuguno, ta miƙe ƙafafu, ta ɗan buɗe tsakaninsu, ta tura fo a ƙasa, ta ɗora shi a kan ƙwaurinta yana fuskantarta, hannuwansa a kan gwiwoyinta. Ba rarrashi, ba tsawa. Yaron da ya kwana biyu cikinsa a ɗaure, uwarsa za ta goyo shi ta kawo mata, ta koma gida tana sa albarka. Kafin ya shekara biyu kuwa Gwaggo ta sauke shi, ya koma fo, daga nan sai masai. Wannan ita ce ƙa'idarta, kuma na sha jin tana wanke matan da suka bari lokacin ya wuce.

Sai ga Rayyan, jikanta ta wajen Salwa, autarta. Salwa tana aiki a wani kantin magani a Messa, don haka tun yana wata uku a hannun Gwaggo yake wuni. Maigidana take ce masa, shi ne mai kunun farko, shi ne mai kankare tukunya. Lokacin da Salwa da mijinta Nu'man suke zaune a bayan gidanmu, ba wanda ya lura da komai. Da suka koma bene a Cité Verte ne asiri ya tonu. Salwa ta ɗauki hutu tana shirya gida, yaro ya kwana uku bai zagaya ba. Suka tare tasi za su asibiti, suka biyo ta wajen Gwaggo su faɗa mata. Rayyan yana ganinta ya zame wando, ya nuna ƙafafunta.

Ina tsaye a wurin, na riƙe baki. Yaro mai shekara uku da wata biyu, ƙato guda, yana magana tiryan-tiryan, ashe har ranar bai taɓa yin bayan gida a ko'ina ba sai a kan ƙwaurin kakarsa. Matar da take zagin 'ya'yan mutane!

"Mama!" in ji Salwa. "Har yanzu? Kin ce mini ya daɗe da sauka."

"Na ce ya kusa," in ji Gwaggo, ko kallonta ba ta yi ba.

Abin da ya ƙara tayar da hankali, an samo wa Rayyan gurbi a wata makarantar ƙananan yara bayan wahala, kuma shugabar ta faɗa wa Salwa ba ɓoye-ɓoye: "Il doit être propre." Wato sai ya iya shiga banɗaki ya zauna a masai shi kaɗai, in ba haka ba a ba wani yaron wurinsa. Kwana goma suka rage a buɗe makaranta. Gidan Cité Verte kuwa masai na zama ne, irin na makarantar, kuma Rayyan ko ƙofarsa ba ya yarda ya kusanta.

Salwa ta ce akwai wani ɗan mazaunin roba da ake ɗorawa a bakin masai don kada yaro ya zurma, za ta je ta sayo. Gwaggo ta ce ba ta yarda ba, ita ta san yadda maigidanta yake zama, ita za ta zaɓo. Washegari da hantsi ta yafa mayafi, ta ce in raka ta kasuwar Mokolo. Da na san abin da zai faru da na ce kaina yana ciwo.

Shagon wani Yuguda muka shiga, mutumin Garoua, mai kayan jarirai tun daga ƙasa har rufi. Ya fara sauko mana da wani fo mai siffar agwagwa.

"Ni fo na tambaye ka?" in ji Gwaggo. "Kuma a koya wa yaro hawa bayan dabba ya yi mata wannan aika-aika?"

Ya mayar, ya ɗauko wani mazaunin shuɗi. "Hajiya, wannan réducteur na zamani ne. In yaro ya zauna, yana yi masa musique." Ya danna da hannu, abu ya kama kiɗa.

Gwaggo ta ja da baya har ta taka ni. "Innalillahi! Kiɗa a banɗaki? Wurin da ko magana ba a son yi? Ka kashe shi, ka kashe!"

Wani mazaunin mai tsani ma ta ƙi shi, ta ce ba gini aka aike mu ba. Da ya rage saura huɗu marasa ado, sai ta ce a ba ta kujera. Na ɗauka gajiya ta yi. Ai kuwa ta zauna a bakin shago, ta tuɓe takalma, ta miƙe ƙafafunta har kan hanyar mutane, ta buɗe tsakaninsu daidai yadda take wa Rayyan, ta ce a miƙo mata ɗaya bayan ɗaya. Tana ɗora kowanne a kan ƙwaurinta tana leƙa ramin. Wanda ya fi tsakanin ƙafafunta faɗi ta ture shi, wanda bai kai ba ta ture shi. Masu tura baro suka tsaya, mata masu tumatir suka taso suna kallo. Wata ta tambaye ni da Faransanci ko tsohuwar lafiyarta ƙalau. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Hajiya," in ji Yuguda a hankali, "ba a ƙafa ake sawa ba, a WC ne."

"Kai ka raini yaron ko ni?"

Ta zaɓi wani fari mai taushi, ba hoto, ba kiɗa. Da Yuguda ya faɗi kuɗinsa ta sake salati, amma ta kwance bakin zani ta biya.

Salwa ta tafi da mazaunin. Kwana shida ana fama. Da an ɗora Rayyan sai ya sandare ya kwarma ihu har maƙwabta su leƙo, daga ƙarshe a sa shi a tasi a kawo shi Briqueterie. Gwaggo kuwa sai ta jawo kujerarta ba musu, har da murmushinta. Na ce mata, "Gwaggo, ke kike ɓata aikin nan." Ta ce in kama gabana.

Ranar Asabar Salwa ta zo ita kaɗai, ta zauna a tabarma ta fashe da kuka. Ta ce jibi Litinin, kuma Nu'man ya ce gara su je su janye sunan yaron da kansu, kafin a koro shi a gaban mutane. Gwaggo ta tashi ta ɗauko mayafi. Muka bi Salwa zuwa Cité Verte.

Hawa uku ne benen, ta hau shi tana hutawa a kowane hawa. Nu'man ya durƙusa ya gaishe ta, ya koma can ƙarshen falo ya tsaya, don ba zai bi surukarsa har ƙofar banɗaki ba. Gwaggo ta ce a ɗora Rayyan a masai ta gani. Salwa ta ɗora shi yana kallon ƙofa, ƙafafunsa suna lilo. Nan take ya fara ihu, yana miƙa hannuwa gaba yana lalube a iska.

"To me zai riƙe?" in ji Gwaggo. "Kun rataye yaro, gabansa ba komai."

Ta sauke shi, ta cire mazaunin, ta juya shi gaba ya koma baya, ta danna shi ya zauna. Ta ɗaga Rayyan ta ɗora shi yana fuskantar tankin ruwa, ta kama hannuwansa ta aza a kai.

Salwa ta zaro ido. Nu'man da ke leƙe daga nesa ya kasa haƙuri. "Salwa, ki faɗa wa Mama ba haka ake zama ba. C'est à l'envers, a juye yake! A makaranta fa?"

"Ki ce masa," in ji Gwaggo, "na makarantar ma ai yana da tanki."

Ihun ya tsaya. Rayyan ya rungumi tankin, ya kwantar da kumatunsa a kai, yana sauke ajiyar zuciya. Muka kasa kunne. Can sai muka ji abin da muka yi kwanaki muna jira. Salwa ta dafe ƙirji.

Gwaggo ta sunkuya za ta ɗauki buta. Rayyan ya waiwayo ya dube ta.

"Kaka, ki fita. Ki rufe ƙofa, ban gama ba."

Ta tsaya da buta a hannu, bakinta a buɗe. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, ko ranar da mijinta ya rasu. Ta ajiye butar kusa da shi, ta fito, ta ja ƙofar a hankali. A falo Salwa tana rangaɗa guɗa, Nu'man yana ta hamdala, har ya manta da kunya ya matso yana cewa, "Mama, Allah Ya saka da alheri." Aka kawo mata abinci ta ce ta ƙoshi, ta nemi takalmanta.

Na riƙe mata hannu muna saukowa. Ni da na yi ta jin haushinta duk satin, sai na ji tausayinta ya kama ni. A hawa na biyu ta tsaya ta dafa bango, na ɗauka gwiwa ce.

"Karimatu," ta ce, muryarta can ƙasa, "wallahi na so ya ƙi."