Jakar Bindigar Yaya Sha'aban

Ummu Salma ba ta taɓa ɗaga bindigar gidansu ba, amma ba wanda bindigar nan ta ci wa rai kamarta. A Riruwai aka haife ta, gindin duwatsu, gidan maharba, inda abin da ake fara koya wa yarinya shi ne mace ba ta taɓa bindiga. Da ido dai ta san ta: mai dogon baki, ƙirar maƙeran da, ga nauyin tsiya. Ta ga abin da ta yi wa babansu. Kafin ya rasu kafaɗarsa ta dama ta zube, ko riga sai an sa masa. Ana gama zaman makoki yayanta Sha'aban ya ɗauke ta ya rataya a tasa kafaɗar, sai ka ce ba a gabansa aka yi ba.

Ita kuwa aure ya kai ta Kano, auren ya mutu, ta kama sayar da jakunkunan mata a kasuwar Sabon Gari. Wata hajiya ta ɗauko ta rakiyar sari zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin, hajiyar ta koma, ita ta zauna. Yau shekara goma sha wani abu ke nan tana da ɗan ɗakinta kusa da titin Guangyuan, da safe ta hau mota zuwa Shiling, garin masu ɗinka jaka, ta tsaya a kan kayan 'yan Kano har a ɗaure su. Masu masana'antu sun san ta. In ta kama hannun jaka ta fizga ya tsinke, ba ta magana, sai ta ajiye wa mutum a kan teburinsa ta tsare shi da ido.

Bara Hawa, matar Sha'aban, ta kira ta tana kuka. Likita ya duba kafaɗar Sha'aban ya ce ta cinye, in bai daina rataya ƙarfen nan ba hannun zai mutu. Nan take Ummu ta kira shi.

"Yaya, ka nemi ƙarama mana, marar nauyi."

"Ummu, ke jaka kika sani. Kin hau dutse kina haki, gada tana can tsallaken kwazazzabo. Marar nauyi rawa take a hannu duk numfashin da kika yi, in ta tashi kuma ta naushe ki. Nauyin nan shi ke zaunar da ita."

"To a rage mata baki."

"Bindigar Baba zan yanke?" Ya kashe wayar.

Abin haushin, gaskiya ya faɗa, kuma ba abin da ya kai taurin kan mai gaskiya ciwo. Mutum ya ba hamsin baya, 'ya'ya shida, ga gona, amma a ce sai ya bi gada kan dutse. Ummu ta kwana biyu tana faɗa ita kaɗai a ɗaki. Daga baya ta ce to, tun da ba za a rage nauyin ba, za ta sauke shi daga kafaɗar.

A Shiling akwai masu ɗinka wa Turawa jakar hawan dutse, irin mai faffaɗan ɗamara da ke zuba nauyi a ƙugu. Ta je ta yi bayani. Mai wurin ya ce a kawo bindigar a auna, sannan ya tuntsire da dariya, don a garin nan ko a mafarki ba ka ganin ta. Ta tambayi ko akwai abin gwaji mai nauyin bindigar, ya girgiza kai, "Meyo," wato babu. Suka ɗinka samfuri, suka gwada shi da sandar goge ƙasa, suka miƙo mata suna murmushi.

"Laoban," ta ce wa mai wurin, wato maigida, "yayana ba shara yake zuwa yi a dutse ba."

Ta sa Hawa ta lallaɓi Sha'aban ya rataya bindigar a sikelin mahauci: kilo shida da ɗoriya. Ta sayi bututun ƙarfe daidai tsawonta, ta ɗura masa yashi har ya kai. Masu gadin tashar jirgin ƙasa suka hana ta wucewa da shi, ta ɗauki shatar mota tana tsaki. Samfurin farko ya yage. Na biyu ya goge mata ƙugu har ya yi jini. Na uku ta goya shi ranar Lahadi ta hau dutsen Baiyun da ƙafa, tsofaffin garin masu motsa jiki suna ratsa ta suna kallon mace da hijabi da bututu. Tana hawa tana yi wa bindigar Allah ya isa, ita da maƙerin da ya ƙera ta. Da ta sauko kafaɗarta lafiya lau. Ta aika jakar ta hannun wani ɗan Kano, ba ta haɗa da ko gaisuwa ba.

Sha'aban ya kira, murya kamar ta saurayi. "Ummu, Allah ya yi miki albarka. Kamar ban ɗauki komai ba." Ta ce amin a daƙile, amma ranar har wa direba ta yi wasa.

Bayan damina Hawa ta sake kira. Wannan karon ba kuka, kuma Ummu ta fi tsoron hakan.

"Kafaɗar ce?"

"Kafaɗa ƙalau. Kwanansa uku bai sauko ba, sai jiya. Yanzu har can bayan duwatsu yake kaiwa, dajin da matasa ma suka bari saboda ɓarayin shanu. Wai abokansa ma a ɗinko musu."

"Ki hana shi mana, Anti Hawa."

"Da me? Shekara ashirin da takwas ban taɓa hana shi ba, kafaɗar ke hana shi. In rana ta karkata ta ishe shi, dole ya juyo, kafin magariba yana tsakar gida ina gasa masa ita. Yanzu ba abin da ke dawo min da shi. Ban ce kin yi laifi ba, Ummu."

Da ma zagin ta ta yi. Ummu tana tsaye a ƙofar masana'antar, mai wurin ya leƙo yana tambayar guda nawa za a ƙara yankawa. Ta ce ko ɗaya. Ta kira Sha'aban, ta tanadi maganganun da za ta zazzage masa, duk da ta san ba mai kwance ɗamarar nan daga ƙugunsa. Wayar ba ta shiga ba. Ya riga ya hau.