Kwamfutar da ta riƙa mutuwa da azahar

Aikina a wancan lokacin bai da wuyar faɗi, sai dai in na faɗa a gidanmu na unguwar Kaladan dariya ake yi. Da rana ina koyar da kimiyya a sakandare. Bayan haka ina taya wasu masu bincike na ƙasar waje gwada wata 'yar na'ura, ba ta fi akwatin ashana ba, wadda ɗan sama jannati zai maƙala a ƙirji ta riƙa auna masa haskoki masu cutarwa da ke ratsa jiki a can sama. Ni ban taɓa riƙe na'urar ba. A cikin kwamfuta nake zana ta, in yi ta harba mata haskokin ƙarya, in ga nawa za ta kama. Lissafin yakan ɗauki kwanaki, kuma in kwamfutar ta mutu a tsakiya, sai a koma farko.

Mahaifiyata ta rasu ana tsakiyar zafin bazara. Aka yi zaman makoki, 'yan'uwa na Sagnarigu suka zo suka koma. Kowa na yaba haƙurina. Ba haƙuri ba ne, ban ji komai ba ne kawai. Abinci ma in an ajiye in ci, in ba a ajiye ba ban tambaya.

Da na koma makaranta sai kwamfutar ta fara tsiya. In kunna lissafi da safe, in dawo in tarar ta kashe kanta, ta yi zafi kamar kaskon masa. Da can ba ta taɓa yin haka ba, a ɗaki ɗaya, a kan tebur ɗaya. Na zargi wutar lantarki, na kai ta wajen mai gyara ya hure mata ƙura, duk a banza. Masu binciken suka sanar da ni cikin ladabi cewa in sakamako bai zo ƙarshen wata ba, za su ba wani aikin. Na karanta saƙon, na rufe, na je na wanke kwanoni.

Ran wata Asabar ina zaune gaban kwamfutar ta sake mutuwa, sai ga Bafillatanar da ke kawo mana nono daga bayan gari ta yi sallama. Ta leƙo ta taga.

"Madam, abu naka ya kwanta?"

Na ce ya kwanta.

"Ai zai kwanta, babu mai fifita shi. Kullum na zo azahar, Hajiya yana zaune nan da mafici yana yi masa. Na ce Hajiya, injin ne fa! Ya ce yarinya na ya ce abu nan ba ya son zafi, kuma mutane na sama suna jiran shi."

Ban tuna ranar da na gaya wa mahaifiyata haka ba. Wataƙila a wucewa na faɗa, ina neman takalmi.

Na sayi nonon, matar ta tafi. Na ɗauko mafici a ɗakin mahaifiyata, na kunna lissafin daga farko, na ja kujera. Ina jira in ji baƙin ciki, bai zo ba. Abin da ya zo ciwo ne a kafaɗa, tun kafin a kira la'asar, ni da ƙuruciyata. Mahaifiyata kuwa ta daɗe ba ta iya ɗaga hannu ta ɗaura ɗankwali sai na taya ta.

Na sauya hannu na ci gaba.