Matar da Take Karanta Faranti

Kafin masu shara su gama da barandar asibiti ta riga ta kunna murhu. Kicin ɗin yana can bayan ɗakin wanki, tagarsa ɗaya ce, kuma idan hasken safiya ya ratsa tururin tukwane sai ka ga kamar masu girkin a cikin gajimare suke yawo. A tsakiyarsu za ka hango ta, gajeruwa, tana ɗan ɗingishi, tana fere dankali ba tare da ta dubi wuƙar ba. Inna Ludayi ake ce mata. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana dafa wa majinyata abinci, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Tana da wata ɗabi'a da babu ita a takardar aikinta. Idan aka dawo da kwanuka daga ɗakunan jinya, ba mai kankare ko ɗaya sai ta duba. "Majinyaci zai ce wa likita ya ci," in ji ta, "amma ni farantinsa yake gaya wa gaskiya."

A haka ta gano yayana.

Yaya direban babbar mota ne. Ciwon suga ya kwantar da shi, ga gyambo a ƙafar dama, ƙafar da yake taka totur da birki, wadda take ciyar da yara biyar. Likita bai ɓoye mana ba: in sati uku suka cika gyambon bai fara kamewa ba, sai dai a yanke. Shi kuwa Yaya ya ga wani mutum a waya yana rantsuwa cewa dankali da shinkafa da burodi guba ne. Sai ya riƙa karɓar allurarsa, ya tsinci ganye kaɗai, ya ce ya ƙoshi. Sugan ya faɗi, ya sume. A farfaɗo da shi da abu mai zaƙi, sugan ya haura. Sau biyu ana haka. Matarsa ta yi kuka, ni na yi faɗa, duk a banza.

Rana ta huɗu, da hantsi, sai ga wata tsohuwa ta hawo bene uku da faranti a rufe, tana haki.

"Wane ne gado na tara?"

"Ni ne, Inna."

"Au, kai ne kake jera min dankali a gefen faranti kamar motoci a tasha?"

Duk ɗakin aka sa dariya, har da dattijon da ake yi wa ƙarin ruwa. Yaya ya ɗaure fuska.

"Guba ne, Inna. Na gani a waya."

"Allah sarki. Shi mutumin wayar, ya zo duba ka kuwa?"

Ta ajiye farantin a gabansa.

"An ce min kai direba ne. Ka taɓa hawa tudu da tanki babu mai?"

"A'a."

"Ka taɓa ɗura shi har ya malale a kan inji?"

"Haba, wa zai yi haka?"

"To miƙo hannunka, ɗana."

Ta kama yatsunsa ta dunƙule su ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga dunƙulen ta gwada da dankalin da ke cikin farantin. Girmansu ɗaya.

"Ga tankinka nan. Dafaffe, ba soyayye ba. Ganye ya fi shi yawa, ga kifi a gefe. Kuma ba daga kaina na faɗa ba, haka yake a takardar likitan abinci, ni dai dafawa nake yi. Ci ina kallo, gwiwata ba za ta yarda in hawo a banza ba."

Ta ja kujera ta zauna. Tururi yana tashi tsakaninsu a hankali. Yaya ya daɗe yana kallon cokali, sannan ya kai loma ɗaya. Daga baya ya ce min a lokacin sai ya ga kamar yana kan wata doguwar hanya bayan an ɗauke ruwan sama, gilashi a sauke, ba kowa a gabansa.

Kullum sai ta hawo. Ranar da gwiwa ta hana ta, ta aiko da saƙo ta bakin nas: "A gaya wa gado na tara ina jiran farantina." Awon sugansa ya daina tsalle-tsalle. Rana ta goma sha tara likita ya kwance bandeji, ya sunkuya yana duba gyambon. Matar Yaya ta damƙe hannuna har ya yi zafi.

"Nama ya fara tasowa," in ji likitan.

Ƙaramin yatsan ƙafa ɗaya kawai aka yanke. Ƙafar ta tsaya.

Na san aikin likitoci ne da nas-nas da magani, bayan ikon Allah. Amma Inna, ke ce kika lura. Ke ce kika san matar da ke ɓoye burodi a ƙarƙashin matashi don jikokinta, kika ƙara mata wani kika ce wannan nata ne. Ke ce kika hana mai ci fiye da kima ba tare da kin kunyata shi ba. Wani mai gadi ya ce min idan kin haɗu da tsofaffin majinyata a hanya ba ki tuna fuska, sai sun miƙo hannu. Ludayi mai adalci, mun gode. Allah ya hutar da gwiwar nan.

Ku kuma masu dafa wa marar lafiya, a gida ko a asibiti, kada ku tsaya ga kai abinci. Ku dubi abin da ya dawo, ku je ku zauna ku tambaya.

Asibiti ya ce zai ba da motar da za ta kai ta gida ranar da za ta ajiye aiki. Yaya ya ce a bar shi. Ya ari ƙaramar motar maƙwabcinsa, ya wanke ta tun jiya, kuma shi zai kai ta har ƙofar gida, da ƙafarsa a kan totur.