Uwar Iri da Jan Maganin da Ta Ƙi Zubawa

Kafin masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu, Uwar Iri ta riga ta buɗe sito. Sunan da manoma suka laƙaba mata ke nan har ya bi ta, domin ita ce mai kula da ɗakin ajiyar iri na ƙungiyar manoman yankinmu. Ba ta fara zama a kujera. Sai ta bi layin buhuna tana cusa hannu can ciki, ta ji ko masara ta ɗau zafi, ta ɗauko ƙwaya ɗaya ta gatsa. In ta ji ƙas, ta wuce. In ta ji laushi, to ranar leburori sun shiga uku, don sai an fitar da buhun rana. Suna tsokanarta wai ta fi ɓera sanin abin da ke cikin sito, ita kuwa takan ce dole ne, tun da ta riga shi kama aiki a wurin.

A ƙarshen watan nan za ta miƙa makulli ta yi ritaya. Ni matar manomi ce, kuma na ce wallahi ba za ta tafi shiru ba.

Kowa ya tuna shekarar da yaƙi ya ɓarke a wata ƙasa da ba mu taɓa gani ba, amma sai da ya shigo mana har madafa. Jiragen ruwa suka daina zuwa, mai ya yi tsada, abinci ya gagari talaka, ga 'yan bindiga suna tare motoci a hanya. Gwamnati ta fito da babban tsarin ƙasa na magance yunwa a gida da barazanar tsaro daga waje. Mun ji shi a rediyo, kuma tsakani da Allah tsari ne mai kyau: a kawo abincin agaji, a raba wa manoma iri, don ƙasar da ta ci da kanta ba a juya ta da yunwa. Sai dai motar iri ta riga motar agaji isowa, damina kuma da saura.

Tare da irin aka sauke jarkokin wani jan magani. Ƙa'idar aiki ita ce a cuɗa iri da shi don kada ƙwari su ci, a raba nan take, kowa ya ajiye nasa a gida. Maganin kuwa guba ne. Uwar Iri ta dubi jarkokin, ta dubi matan da suka cika bakin ƙofa da 'ya'ya a goye, ta ce wa malamin gona ba za ta zuba ba.

"Malam, uwar da ɗanta ke kukan yunwa ba ta ganin ja. Wankewa za ta yi ta dafa."

Malamin gona mutumin kirki ne, kuma shi ma da gaskiyarsa. Ya nuna mata cewa in aka bar iri haka, ƙwari za su mai da shi gari kafin ruwa ya sauka, yankin duka ya rasa abin shuka. Ta ce ya bar mata ƙwarin, shi kuma ya riƙe mata shugabanni na sama. Ya ce ya ji, in abu ya lalace su biyu za a kora.

Daga ranar ba ta huta ba. Kullum a shanya a kan siminti, a tankaɗe, a zuba a duro a toshe baki yadda iska ba za ta shiga ba. Leburori suka yi ta gunaguni, har suka ga ita ma ta ɗaura ɗamara tana jan buhu da su, kunya ta rufe musu baki. Karyayyun ƙwayoyi da 'yan ƙanana da ba za su tsiro ba, su take warewa ta raba wa gidajen da abin ya fi tsanani. Da an zuba magani, ko wannan ɗin da sai dai a binne.

Ranar da ta fi zafi ita ce ranar da ƙanenta ya zo. Ni ina wurin. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, ita ta goya shi. Ya tsaya a gaban jama'a ya ce, "Yaya, 'ya'yanki ba su ci komai ba tun jiya, ke kuma kina zaune a kan masara." Ta ce masa kasonsa na nan da sunansa, zai karɓa a bakin gona, ba a bakin tukunya ba. Ta aika gidansa da abin da ke cikin tukunyarta, ta wuni da ruwa. Shi kuwa ya yi fushi, ya daina gaishe ta. Da yawanmu mun zage ta a bayan ido, an ce mata mai busasshiyar zuciya.

Ke ce kika sha wannan zagi ba ki rama ba, Uwar Iri. Ke ce kika kwashi mata kuka je kuka zauna a ƙofar ofishin agaji, har aka haɗa motar agajinmu da rakiyar sojoji ta iso. Da ruwan farko ya sauka kuma, ke ce kika ɗora duro da jarka a amalanke kika bi gonaki. A bakin kowace gona kike cuɗa irin da maganin, hannunki cikin safar roba, ba ki matsawa sai kin ga ya shiga ƙasa.

Irin ya tsiro, masara ta yi kyau. Ƙanenta da kansa ya ɗauko buhun farko a ka ya dire mata a tsakar gida, ya durƙusa a gabanta. Ta ce ya tashi, ƙaton banza, kada yara su gan shi yana hawaye. Shekarar da ta biyo, malamin gona ya kai maganar sama, aka ce duk lokacin yunwa haka za a riƙa yi a yankin.

Masu tsara wa ƙasa hanya suna da aikinsu, Allah ya taimake su. Amma duk tsarin da aka yi a sama, a hannun wani yake sauka, ko mai sito, ko direba, ko ma'aikaciyar asibiti. In ya sauka a naka, ɗan'uwa, ka ɗaga kai ka dubi mutanen da ke bakin ƙofarka kafin ka zuba abin da aka ce ka zuba.

Mun gode, Uwar Iri. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya jiƙan mahaifanki. Ni dai na san halin da gidana yake ciki a wancan watan. Da an miƙo mini jan irin nan, wallahi da na wanke shi na dafa. 'Ya'yana duka suna raye, kuma sun ce in gaishe ki.