Gwalalon da Kaka Ta Ba Mu Labarinsa a Agege

Ina ƙarama, a shekarar da naira ta fito, na fara ganin Yaya Sani ya tsallake babbar kwatar bayan gidanmu a Agege, riƙe da ƙunshin tsire, ya nufi rumfar Risikatu, Bayarabiya mai sayar da burodi. Yadda ta sunkuyar da kai tana murmushi ya sa na tsaya da bokiti a hannu, na manta aiken da aka yi mini. A lokacin Babanmu ya riga ya ce ɗansa ba zai auro daga tsallaken kwata ba, in kuwa ya nace, to ya bar masa gida.

Bayan magariba muka kewaye murhun Kaka, mahaifiyar Baba, tana gasa mana masara. Baba na gefe kan tabarma da rediyonsa.

"Yau ta gwalalo za ku ji," in ji ta.

"Kaka, mene ne gwalalo?"

"Ji 'ya'yan Ikko. Ramin da ke zagaye da ganuwar gari ke nan, mai hana dokin maƙiyi isowa bango. Daga cikinsa ake haƙo ƙasar ginin. In bango ya ƙara tsawo, shi ma sai ya ƙara zurfi."

Ta ce an yi wani sarki mai tsoron hari, kowace shekara sai ya sa a ɗaga ganuwa. Da ƙasa ta yi ƙaranci, ya ce a haƙe har 'yar hanyar da aka bari a bakin ƙofa. Ɗansa tilo kuwa yana can fatauci. Da ya dawo ya tarar ba mashiga. Ya wuni yana kira, tsawon bango bai bari an ji shi ba, sai ya juya jakunansa.

"Ya sake dawowa?" na tambaya.

"Tambayi ubanki, Ladidi. Ya fi ni sanin halin sarakuna."

Baba ya kashe rediyo ya shige ɗaki.

Sai da na girma na gane ba mu Kaka ke ba tatsuniyar ba. A littattafan soyayyar da nake so, masoya ne ke shan wahala, ban taɓa karanta irin nauyin da uba ke ɗauka kafin ya janye maganarsa ba. Baba ya janye tasa, ya kai goro gidan su Risikatu, amma ya daɗe ba ya cin girkinta.

Da tsufa ya zo idanunsa suka dushe, gidan Risikatu a unguwar Ogba ya zaɓa ya zauna. Ita ke ba shi magani tana yi masa faɗa da Hausarta mai karin Yarabanci, shi kuwa yana cewa, "To, uwata." Ita ce a kansa ranar da ya cika.