Allurar da Baba Ya Hana

A ƙarshen shekarun saba'in ina aikin kula da shanun madara a Vom, sai aka tura ni kwas na wata shida a Ingila. Ni ɗan Dilimi ne. Haƙar kuza ce ta kawo kakana Jos, mahaifina kuma ya tsufa yana ɗibar yashi a rafi da jakuna, yana kai wa magina.

A Ingila aka sauke ni gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu. Daga ita sai wani tsohon kare da ya makance. A falo yake kwanciya a kan bargo, ita take dafa masa abinci, tana yi masa hira kamar jikanta. Ni kuwa ko gefen wandona ba na bari ya taɓa, saboda salla. Ta lura, sai ta riƙa rufe shi a kicin idan na dawo.

Da sanyi ya tsananta karen ya daina tashi. Wata safiya likitan dabbobi ya zo da jakarsa, na ɗauka magani zai ba shi. Tsohuwar ta zauna a ƙasa ta ɗora kan karen a cinyarta, likita ya yi masa allura a ƙafar gaba. Kafin ya rufe jakarsa karen ya daina numfashi.

Na ce, "Mama, kashe shi aka yi?"

Ta ce, "Wahala yake sha, ɗana. Bai kamata in bar shi haka ba."

Ni na haƙa masa rami a bayan gida, tana tsaye tana kuka. Daga nan na wuce gonar da nake kwas, inda ake raba saniya da ɗan maraƙinta ranar da ta haife shi, ta yi kwana biyu tana kiransa ba mai waiwayarta. Har na bar ƙasar ban gane mutanen nan ba.

Da damina na dawo gida. Jaki ɗaya ya rage wa Baba, shi ma ya tsufa. Ban yi sati biyu ba santsi ya kwashe shi a kan duwatsun rafi da kaya a bayansa, ƙafar baya ta karye har ƙashi ya fito. Aka taru aka ja shi gindin wani mangwaro. Ina dubawa na san ba zai tashi ba.

Wani likita a wurin aikinmu ya ce zai zo a kan babur ɗinsa ya yi masa irin allurar da aka yi wa karen nan idan mai jakin ya yarda. Na sami Baba a zaure bayan la'asar na yi masa bayani.

Ya ce, "Allurar za ta warkar da shi?"

"A'a, Baba. Za ta hutar da shi ne."

Ya daɗe yana kallona. "Abin da aka koya maka a can ke nan? Wanda ya ba shi rai bai manta da shi ba. Shekara da shekaru yana ciyar da gidan nan, ba zan saka masa da kisa ba."

Na haƙura. Ba a yi mana tarbiyyar ja da iyaye ba.

Kwana huɗu jakin ya yi. Kullum da safe Baba zai ɗauki bokitin ruwa da dusa da 'yar kanwa ya gangara rafi. Ya kafa masa zana saboda ruwan sama, ya zauna yana kore masa ƙudaje da reshe. A rana ta uku na bi shi. Ƙafar ta kumbura tana wari, ungulaye biyu suna kan dutse suna jira. Da jakin ya ji muryar Baba sai ya yunƙura zai miƙe, yadda ya saba idan lokacin aiki ya yi. Ya faɗi, ya yi wani nishi da har yau ba na son tunawa. Baba ya kau da kai.

Washegari da hantsi ya mutu. Muna hawowa gida, ina riƙe da bokitin, Baba yana gaba yana tafiya a hankali. Mun kusa masallacin unguwa ya tsaya, bai juyo ba.

Ya ce, "Da ka kawo likitan nan ban sani ba, da ban tambaye ka komai ba."

Bai jira amsa ba, ya ci gaba da tafiya.

Ba mu sake tayar da maganar ba har ya rasu. A watan nan ya ba wani maƙwabci mangalar jakin da igiyoyin, bai ƙara sauka rafi ba. Sai ya koma zama a zaure, yana amsa gaisuwar masu wucewa.