Allin Merv Treloar

Kowace safiya, kafin rana ta gasa rufin kwanon garinmu Kadina, Merv Treloar yakan ɗage ƙofar garejin bayan gidansa, ya ɗora butar shayi, sannan ya tsaya ya daɗe yana kallon babur ɗin da ke kan benci kafin ya taɓa shi. Matarsa Glenys takan leƙo ta taga ta ce, "Kai tsoho, gaisawa kuke yi ne, ko jira kake ya fara yi maka magana?"

"Ko bai yi magana ba ya fi ki saurarona," in ji shi.

Haka muka san shi tun ina da suma a kaina, don katanga ɗaya ta raba mu. Direban motar hatsi ne a da. Tsofaffin baburan da tsatsa ta ci a rumbunan manoma su ne aikin ransa: ya kwance, ya wanke, ya goge, ya fesa fenti, har sai abin ya tashi da bugu ɗaya. Yanzu idonsa ya yi rauni, ya ce bana zai rufe garejin. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Merv yana da wata al'ada. Kafin sanfefa ta taɓa ƙarfe, sai ya miƙa wa mai babur guntun alli ya ce, "Mutumina, zagaye duk inda ba ka so in taɓa." Yawanci dariya suke fara yi. Daga baya sai ka ga ƙaton manomi ya durƙusa yana zagaye wata lotsawa, yana cewa nan ne ya yi karo da dabbar dajin nan kangaru a daren da aka haifi ɗansa.

Bara Raelene Hocking ta kawo babur ɗin mahaifinta Clarrie a bayan akori-kura. Clarrie yana gidan kula da tsofaffi, mantuwa ta kama shi, har ya daina gane ta. In ta je, sai ya tambaye ta ko sabuwar ma'aikaciya ce. Burinta ɗaya: ya ga babur ɗin, ko wani abu zai dawo.

Merv ya miƙa mata alli. Ta mayar masa.

"Kawu Merv, ni ban san komai a jikinsa ba. Ka mayar da shi sabo fil, kamar yadda yake a hoton aurensu."

"Duka?"

"Duka. Ba tarkace nake so ya gani ba."

Ya yi aikin da ban taɓa ganin ya yi irinsa ba. Amma a saman tankin, gab da kujera, akwai wani wuri kamar faɗin tafin hannu biyu inda fenti ya suɗe har ƙarfe ya yi sumul. Merv ya zagaye shi da allinsa, ya fesa wa sauran, ya bar nan.

Abin ya dame ni. Na ce masa, "Ta faɗa maka abin da take so, kuma kayan ubanta ne. Wa ya ba ka iko?"

Ya ce, "Babu wanda ya ba ni. Amma gwiwar babba ba ta kaiwa nan, wani abu ne daban ya cinye shi. In Raelene ta ƙi, kafin shayinka ya huce na rufe shi da fenti. Abin da sanfefa ta ci kuwa ba ni da hanyar dawo da shi."

Har yau ina juya maganar. Saɓa wa mai kaya saɓawa ce, ko da an dace. Sai dai na lura ya zaɓi kuskuren da ake iya gyarawa, kuma bai ɓoye ba: Raelene na zuwa, wurin ya fara nuna mata. Ta ɓata rai, ta ce, "Fenti ne ya ƙare maka?" Amma ta yarda a tafi da shi haka.

Ni na taya su sauke shi a harabar gidan tsofaffin. Aka turo Clarrie a keken marasa lafiya. Ya kalli sabon fentin kamar kayan wani. Sai hannunsa ya bi tankin, ya tsaya a wurin nan, ya yi ta shafawa.

"Ina Raelene?" in ji shi. "A nan take zama in za mu duba tumaki."

Ta durƙusa a gabansa. "Ga ni, Baba."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Ke, ai yanzu ba zai ɗauke ki ba."

Ta yi dariya har da hawaye. Ban ce ya warke ba. Washegari ya sake mantawa. Amma yanzu in ta je, sai ta tura shi wurin babur ɗin, kuma sau da yawa a nan yake kiran sunanta.

Merv, kai ne makaniken da ya san inda zai tsayar da hannunsa. Mun gode. Mu kuma da ke gyaran gidaje, ko gonaki, ko mutanen da tsufa ya taɓa, mu riƙa tambayar abin da bai kamata a goge ba kafin mu fara. Glenys ta ce allin yana kan benci inda ka ajiye shi. A bar shi a nan, akwai masu zuwa.